Bud Foster: mataimakin kocin da ya shekara 33 a jami'a ɗaya

Tambaya: Malam, na fara kallon ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'o'i, kuma sau da yawa ina jin masu sharhi suna ambaton wani Bud Foster da girmamawa. Da na bincika sai na ga har ya yi ritaya bai taɓa zama babban koci ba, mataimaki ne kawai. Shin ya ma taɓa buga wasan kuwa? Kuma in har gwani ne kamar yadda ake faɗa, me ya hana shi samun tasa ƙungiyar?

Amsa: Ɗan'uwa, kalmar nan "kawai" da ka saka a bayan "mataimaki" ita ce za mu fara cirewa, domin ita ta ɓatar da kai. Wanda ya saba da ƙwallon Turai in ya ji an ce mataimakin koci, abin da ke zuwa masa a rai shi ne mutumin da ke zaune kusa da mai gida a benci, yana riƙe da takarda, yana jiran ranar da za a ba mai gidan jan kati. A ƙwallon Amurka ba haka tsarin yake ba. Ƙungiya ɗaya kamar runduna biyu ce a ƙarƙashin tuta guda. Akwai mutum goma sha ɗaya masu kai hari, waɗanda ake ba su dama huɗu su ci gaba da yadi goma. In ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya sai su fice gaba ɗaya, wasu goma sha ɗaya na daban su shigo, su ne masu tsaro. Kowace runduna tana da shugabanta da ke tsara dabarunta, ya horar da ita duk mako, kuma ranar wasa shi ke faɗin abin da za a yi a kowane taku. Babban koci sarki ne, amma waɗannan biyun su ne sarakunan yaƙi. Foster shi ne sarkin yaƙin sashen tsaro na jami'ar Virginia Tech daga 1995 har zuwa 2019. Rabin duk wasan da jami'ar ta buga a wannan tsakani a hannunsa yake.

Batun buga wasa kuwa, ya buga, sai dai ba irin bugun da ke kai mutum gasar ƙwararru ba. An haife shi a 1959 a garin Somerset na jihar Kentucky, ya tashi a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Nokomis a jihar Illinois. Ya yi wasa a jami'ar Murray State daga 1977 zuwa 1980, a sashen tsaro, wani lokaci a can baya, wani lokaci a sahun tsakiya ta gefe. Murray State ba ta cikin manyan jami'o'in ƙwallo, tana rukunin da ke ƙasa da su ne, ko da yake ta ɗauki kofin gasarta ta Ohio Valley a 1979 yana cikin 'yan wasan. In tarihin wasansa kaɗai za a rubuta, shafi ɗaya ya isa.

Abin da ya sa shekarun nan huɗu suke da nauyi shi ne mutumin da ya haɗu da shi a cikinsu. A 1979 aka kawo wani matashin koci mai suna Frank Beamer ya shugabanci sashen tsaro na Murray State, wato ya zama malamin Foster kai tsaye. Da babban kocin, Mike Gottfried, ya tafi, sai aka ba Beamer kujerar a 1981, daidai lokacin da Foster ya gama wasa. Beamer ya riƙe shi a matsayin ƙaramin mataimaki, irin wanda ake ba ɗaliban da suka gama digiri na farko. Wannan shi ne matakin ƙasa a sana'ar: kai ne mai yanka faifan bidiyon abokan hamayya, kai ne mai zana dabarunsu a kati don 'yan wasan ajiya su kwaikwaya a atisaye, kai ne na farkon zuwa ofis kuma na ƙarshen tashi, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Ya yi shekara biyu a haka, sannan a 1983 aka ba shi cikakken matsayi na horar da 'yan sahun tsakiya. Kusan duk manyan kociyoyin da kake gani a talabijin ta wannan ƙofa suka shigo, kuma kusan kowannensu yana da ubangidan da ya ja shi. A wannan sana'a ba a cika neman aiki da takarda ba. Wanda ya san ka shi ke ɗaukar ka, in an ɗaga shi ya tafi da kai, in an kore shi ku kwashe kaya tare.

A ƙarshen 1986 Virginia Tech ta kira Beamer, wanda tsohon ɗan wasanta ne, ya zo ya karɓi ƙungiyar. Ya tafi da Foster zuwa garin Blacksburg, can cikin duwatsun kudu maso yammacin Virginia. Abin da suka tarar ba daɗi. Hukumar wasannin jami'o'i ta hukunta makarantar saboda laifuffukan da aka yi kafin zuwansu, ta rage mata yawan 'yan wasan da za ta iya ba tallafin karatu, kuma a wancan zamani tallafin karatu shi ne jarin da ake jawo yara da shi a wannan wasa. A 1987 wasa biyu suka ci, aka doke su tara. A 1988 uku suka ci. Aka ɗan farfaɗo, sannan a 1992, shekara ta shida, aka koma gidan jiya: nasara biyu, rashin nasara takwas, canjaras ɗaya. A yau babu wata babbar jami'a da za ta yi haƙurin shekara shida irin wannan. Daraktan wasanni na lokacin, Dave Braine, ya bar Beamer a kujerarsa, amma aka sallami wasu daga cikin mataimakan. Foster yana cikin waɗanda suka tsira. Da guguwar ta haɗa da shi, da yau ba ka ji sunansa ba balle ka yi tambaya.

Daga 1993 abubuwa suka juya. Sabon shugaban tsaro, Phil Elmassian, ya kawo salon da ba ya jiran abokin gaba: a tara mutum takwas kusa da layin da ake fara taku, a toshe hanyar gudu, a auka wa mai jefa ƙwallo tun bai gama duba fili ba. Salon ya dace da irin yaran da Virginia Tech ke iya samu. Manyan ƙarti masu nauyi da sauri a lokaci guda suna tafiya Florida State ne ko Miami ko Penn State. Abin da ya rage wa Blacksburg shi ne yara marasa girman jiki amma masu zafin nama. A shekarar suka ci wasa tara, suka doke Indiana a wasan rufe kaka. Elmassian ya yi shekara biyu ya tafi, sai aka raba shugabancin tsaron tsakanin Foster da Rod Sharpless a 1995, daga 1996 kuma ya zama na Foster shi kaɗai. Don haka ba shi ya ƙirƙiro salon ba, gara a faɗi gaskiya. Abin da ya yi shi ne ya gaje shi, ya yi ta gyara shi har shekara ashirin da biyar, ya mai da shi abin da ake gane makarantar da shi.

A 1995 ɗin ne aka fara maganar akwatin abinci, wanda in ka ga hoton Foster da wuya ka rasa shi a kusa. Tsohon akwati ne na ƙarfe, duk ya lotse ya yi tsatsa, irin wanda leburori ke zuba abincin rana su tafi wurin aiki da shi. Sharpless ne ya samo shi daga New Jersey ta hannun surukarsa, kuma asalinsa na wani mai haƙar kwal ne. Yankin da jami'ar take yanki ne na masu haƙar kwal da ma'aikatan masana'antu, don haka kowa ya gane abin da ake nufi ba sai an yi dogon bayani ba. A ciki 'yan wasa ke ajiye burin da suka rubuta na kaka, kuma in sun ci wasa a gidan wani sukan tsinko ciyawar filin su jefa a ciki. Ɗan wasan da ya fi kowa ƙwazo shi ake damƙa wa ya riƙe. Bayan harbin da aka yi a harabar jami'ar ranar 16 ga Afrilun 2007, wanda ya ci ran mutum 32, an sa sunayen mamatan a cikin akwatin a kakar da ta biyo baya. Ni dai ban cika yarda da irin waɗannan alamomi na ƙungiyoyi ba, yawancinsu talla ce. Wannan kam ya wuce talla, don ya yi shekara ashirin da biyar yana aiki a kan yara 'yan shekara sha takwas da ba a haife su ba lokacin da aka fara shi.

Kakar 1995 ta fara da shan kashi biyu a jere, har Cincinnati ta zo Blacksburg ta hana su cin ko maki ɗaya. Sai suka doke Miami da 13 da 7, karo na farko a tarihinsu, suka ci gaba da cin wasa har goma a jere, suka rufe da lallasa Texas da 28 da 10 a Sugar Bowl, ɗaya daga cikin manyan wasannin rufe kaka. Amma shekarar da ake tunawa ita ce 1999. Jama'a suna tuna ta ne da Michael Vick, matashin mai jefa ƙwallo da hannun hagu wanda babu mai iya kama shi in ya zura da gudu. Abin da ake mantawa shi ne rundunar Foster ce ta fi ta kowace jami'a a ƙasar hana cin maki a shekarar, maki goma da ɗan ɗoriya ake ci musu a kowane wasa. Sun yi wa Syracuse 62 da nema, alhali Syracuse tana cikin jerin manyan ƙungiyoyi ashirin da biyar a lokacin. Tauraron tsaron, Corey Moore, tsayinsa bai wuce ƙafa shida ba, ƙarami ne ƙwarai a matsayin da yake bugawa, amma ya ɗauki manyan kyaututtuka biyu na 'yan tsaro a shekarar, Lombardi da Nagurski. Suka ci wasa goma sha ɗaya ba a doke su ba, suka je wasan ƙarshe na ƙasa da Florida State ranar 4 ga Janairun 2000. An ja musu 28 da 7, suka farfaɗo har suka shiga zangon ƙarshe suna gaba da 29 da 28, sannan Florida State ta zuba maki 18 a jere, aka tashi 46 da 29. Ba su sake kaiwa wannan mataki ba.

Inda nake ganin gwanintarsa ta fi fitowa fili kuwa ba 1999 ba ce, abin da ya biyo bayan 2003 ne. A shekarar sun fara da cin wasa shida a jere, sannan suka wargaje, suka rufe kaka da shan maki 52 a hannun California. Masu kai hari sun gano lagon salon mutum takwas a gaba: a baza masu karɓar ƙwallo huɗu a faɗin fili, a jefa da sauri, a bar 'yan tsakiya suna bin yaran da suka fi su gudu. Mutum da ya yi suna da wani salo yakan mutu a kansa, yana cewa yaran ne ba su iya ba. Foster ya zauna ya sake fasalin abin. Ya ja ɗaya daga cikin mutanen gefe ya mai da shi baya, ya ƙara yawan hanyoyin rufe masu karɓa, ya bar zafin kai farmakin yadda yake. Sakamakon bai ɓoyu ba. A 2004, shekararsu ta farko a ACC, gasar jami'o'in yankin gabar tekun Atlantika, suka ɗauki kofin. A 2005 da 2006 babu wata jami'a da ta kai su hana abokan hamayya cin yadi, shekara biyu a jere. A 2006 maki 11 ake ci musu a wasa, kuma ƙungiyoyi huɗu sun tashi ba ko maki ɗaya. A shekarar ce aka ba shi kyautar Broyles, wadda aka kafa a 1996 musamman don gwarzon mataimakin koci na shekara, bayan ya kai zagayen ƙarshe sau uku bai samu ba. Daga 2004 zuwa 2011 Virginia Tech ba ta taɓa cin ƙasa da wasa goma a kaka ba, ta kuma ɗauki kofin ACC sau huɗu.

Akwai wani ɓangaren aikin da mai kallo ba ya gani, wato zawarcin 'yan wasa. A jami'a ba a sayen ɗan wasa a riƙe shi shekara goma. Kakar wasa huɗu yake da ita, in ya yi fice ma bayan uku zai tafi gasar ƙwararru. Don haka kowane mataimaki yana da yankin da aka yanka masa, yana yawo makarantun sakandare, yana zama a falon iyaye yana lallashinsu su ba shi ɗansu. Kana gina runduna tana zubewa ta ƙasa kowace shekara. Ta wannan sashen tsaro aka fitar da DeAngelo Hall, da Brandon Flowers, da Kam Chancellor wanda ya ci kofin ƙwararru da Seattle, da Kyle Fuller da ƙanensa Kendall, da Tremaine da Terrell Edmunds, wa da ƙane da ƙungiyoyin ƙwararru suka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a dare ɗaya a 2018.

In kana son wasa ɗaya da za ka nema ka kalla, nemi na ranar 6 ga Satumban 2014 a gidan Ohio State. Foster ya san mai jefa ƙwallonsu, J.T. Barrett, sabon shiga ne. Sai ya cunkushe tsakiyar layi da ƙarti, ya toshe gudu gaba ɗaya, ya bar 'yan bayansa kowa da mutuminsa ba mai taimako, kamar yana cewa yaron in ka isa ka jefa. An kayar da Barrett sau bakwai, an cafke masa ƙwallo uku, Virginia Tech ta ci 35 da 21. Wannan ne kaɗai wasan da Ohio State ta rasa a kakar, ita ce ma ta ɗauki kofin ƙasa. To a wannan kakar dai, a watan Nuwamba, yaran Foster suka hana Wake Forest cin ko maki ɗaya har lokaci ya cika, amma nasu masu kai harin su ma ba su ci komai ba. Aka tafi ƙarin lokaci babu ci, aka doke su 6 da 3. Ka ga iyakar ikon mataimaki ke nan. Ya yi nasa cif, ya koma gida da rashin nasara.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Masoyansa sukan ce bai taɓa son zama babban koci ba, amana ce ta riƙe shi. Wannan rabin gaskiya ne. Ya so, bai kuma ɓoye ba. An tattauna da shi kan kujerar Clemson a 2008, aka ba Dabo Swinney. Abin da ya ƙi shi ne hanyar da yawanci ake bi, wato ka karɓi ƙaramar jami'a mai fama, ka yi shekara uku ko huɗu kana tabbatar da kanka, sannan babba ta kira ka. Shi babba yake so kai tsaye, manyan kuma suna ɗari-ɗari da wanda bai taɓa riƙe ƙungiya ba. Ƙari a kan haka, masu ɗaukar koci sun fi karkata ga mutanen sashen hari, domin maki ke cika filin wasa da sayar da tikiti. Babban koci kuma rabin aikinsa siyasa ce: cin abinci da attajiran da ke ba makaranta gudummawa, lallaɓa 'yan jarida, murmushi a inda ba a so. Foster mutum ne mai faɗa a bakin fili da faɗar abin da ke ransa. Sannan daɗewa a wuri ɗaya tana da nata illar. Wanda ya shekara talatin a inuwar mutum guda, sai a fara tambaya ko zai iya tsayawa a rana shi kaɗai.

Inda amanar ta fito da gaske shi ne a tayin da aka yi masa na irin matsayinsa a wuraren da suka fi kuɗi da suna. Steve Spurrier, babban kocin Florida, ya neme shi bayan shugaban tsaronsa Bob Stoops ya tafi Oklahoma ya zama babban koci, bai je ba. Georgia ta neme shi bayan kakar 2009, bai je ba. Kwatanta shi da Kirby Smart, wanda ya riƙe tsaron Alabama daga 2008 zuwa 2015 sannan ya samu kujerar babban koci a Georgia, ko Brent Venables, shugaban tsaron Clemson, da ya jira har ƙarshen 2021 kafin Oklahoma ta kira shi. Su ma sun yi haƙuri, amma sun yi shi ne a gidajen da ke ɗaukar kofin ƙasa, inda idon kowa yake. Ra'ayina shi ne da Foster ya karɓi tayin Florida a wancan lokaci, da wataƙila ya samu kujerar da yake so cikin 'yan shekaru, kamar yadda Stoops ya samu daga wannan matsayi. Da kuma babu akwatin abinci, babu 2005 da 2006 a Blacksburg.

Jarrabawa mafi zafi ta zo a ƙarshen 2015, da Beamer ya yi ritaya bayan kaka 29. Tun 1979 suke tare, kaka 37 ke nan. Kujerar da mutane da yawa suke ganin gadonsa ce aka ba Justin Fuente daga Memphis, mutumin sashen hari, wanda Foster ya girme shi da shekara goma sha bakwai. Mutane da yawa a irin wannan hali sai su yi fushi su tafi, kuma babu mai ganin laifinsu. Ya zauna ya yi aiki a ƙarƙashinsa. A 2016 suka ci wasa goma, har da wanda Arkansas ta ja musu 24 da nema a hutun rabin lokaci, tsaron ya hana ta ƙara ko ɗaya, aka tashi 35 da 24.

Ƙarshen bai zo da daɗi duka ba. A 2018 manyan 'yan wasansa sun watse, ya rage da yara ɗanye, har Old Dominion, wadda ba a sa ta a lissafi, ta zuba musu 49. Ita ce kaka mafi muni a zamanin shugabancinsa na tsaro. A watan Agustan 2019 ya sanar cewa wannan ce ta ƙarshe. A Nuwamba yaransa suka yi masa sallama da wasa biyu a jere ba a ci musu komai ba, 45 da nema a gidan Georgia Tech, sannan 28 da nema a kan Pittsburgh a wasansa na ƙarshe a filin Lane, filin gidansu. Bayan nan jami'ar Virginia ta doke su karo na farko cikin shekara goma sha shida, Kentucky kuma ta ci su 37 da 30 ranar 31 ga Disamba a wasan rufe kaka, wanda shi ne na 27 a jere da jami'ar ta je tun 1993, kuma yana cikin kowannensu.

Wanda ya gaje shi a shugabancin tsaron, Justin Hamilton, tsohon ɗan wasansa ne. Da aka raba gari da Fuente a ƙarshen 2021, wanda jami'ar ta ɗauko ya zama babban koci shi ne Brent Pry daga Penn State, wanda daga 1995 zuwa 1997 shi ne ƙaramin mataimakin da ke yanka wa Foster faifan bidiyo a Blacksburg.